Sunan da Muryar Ta Tsallake

Kafin hantsi ya dubi ludayi ranar Alhamis, muryar ta riga ta shiga kowace waya a Gombe. Wani shafi marar hoto mai suna Idon Gari ne ya sake ta, daga nan ta bazu kamar wutar daji.

Muryar Barista Najeeba ce, mai gabatar da Mahawarar Laraba, shirin da matasan gari ke haɗuwa kai tsaye a intanet suna kwasar musu kan fasaha, kasuwanci, doka da labaran mako. An daɗe ana fafatawa a shirin kan wata manhajar kiran keke napep. Najeeba tana tare da 'yan keke, tana cewa babu dokar da ta tilasta musu shiga. Abokin gabatarwarta Abdulaziz, wanda ya ƙirƙiro manhajar, yana cewa zamani ba ya jiran kowa. Har ƙungiyar 'yan keke ta ɗauke ta lauyarta.

Ga abin da muryar ke cewa, da dariya a ciki:

"'Yan keke? Jakuna ne na hau su kai ni inda zan je. Iro ɓarawo ne, Elias mashayi, shi kuwa... uban tafiyar tasu, ko karatun allon mota bai iya ba. Ina gama tara mabiya zan watsar da su."

A ƙarƙashi mutane suka yi ta zuba. Wani ya rubuta, "Dama na faɗa, lauya ba ya kuka sai ya ga gawa mai gado." Wata ta ce aikin na'ura ne, aka yi mata caa. Wani kuma ya ce, "Ku tambayi mai manhaja, wa zai ci riba in 'yan keke suka rasa lauya?" Wannan maganar ita ta fi samun masu tafa mata.

Kafin azahar shugaban 'yan keke, Malam Ɗayyabu, ya fitar da matsaya. In Asabar ta yi ba a nuna musu wanda ya yi ba, za su karɓe shari'arsu daga hannunta, su kai ƙararta gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Mahaifinta kuma ya ce in aka kai ga haka, ita da shirin har abada.

* * *

Suhaibu yana shagonsa a unguwar Dawaki lokacin da Najeeba ta shigo da wata ƙawarta. Sana'arsa bin sawun wayoyin da aka sace. Kakansa sawun shanu yake bi a daji, shi kuwa nasa dajin yana cikin kwamfuta, amma mutane sun ce hancin iri ɗaya ne.

Tun suna yara a layi ɗaya yake son Najeeba, bai taɓa furtawa ba, ita kuwa Hamma take ce masa, wato yaya. Kowace Laraba yana kallon shirinta, yana jin duk dariyar da ta yi wa Abdulaziz kamar ana goga masa barkono a ido.

"Hamma Suhaibu, ka ji abin da aka yi mini?" Idanunta sun kumbura. "Wallahi ban faɗa ba. Sau ɗaya na saurara, na kasa ƙarasawa."

"Ko da kin rantse mini kin faɗa, ba zan yarda ba," in ji shi. Sai ya ji maganar ta yi nauyi, ya hau gyara wayoyin caja da ba su buƙatar gyara.

Wadda ta rako ta Rukayya ce, aminiyarta tun jami'a. Ita ta kawo shawarar shirin tun farko, ita ke tace sauti da hoto, amma fuskarta ba ta taɓa fitowa ba. Ta riƙe hannun Najeeba gam.

"Shugaban nan ba ya wasa," Rukayya ta ce. "Na kira shi har sau nawa, ya ƙi saurarona. Ka taimaka mana, Malam Suhaibu."

"Wa kuke zargi?"

Najeeba ta girgiza kai. "Mutane na cewa Abdulaziz. Ni dai ka cire shi a lissafi. Abdulaziz ba zai yi mini haka ba."

Yadda ta ja sunan a bakinta ya sosa wa Suhaibu rai. A ransa ya ce, Allah ya sa shi ne. Ya yi istigfari, amma addu'ar ba ta fita daga zuciyarsa ba.

* * *

Ya fara da Selina, mai shafin labarai da ke gogayya da Mahawarar Laraba, domin ita ta fara yaɗa muryar ga dubban mabiyanta. Ya same ta a shagon ɗinkin yayarta tana cin gyaɗa.

"Oga mai bin sawu, yau ni ce saniyar?" ta ce tana dariya. "Zauna mana. Eh, na yaɗa. Labari ya zo har gida, in kore shi?"

"Kin san ƙarya ce."

"Ban sani ba. Na dai so ya zama gaskiya, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Yarinyar nan ko tari ta yi sai an ce ta yi fasaha, ni kuwa ina yawo a rana ina neman labari, mutum goma ba sa dannawa." Ta watsa gyaɗa a baki. "Amma haɗa murya? Ni da ko hotona ban iya gyarawa ba? Dubi yadda nake fitowa kamar an tashe ni daga barci. Je ka Barunde wurin masu gilashi, 'yan kwamfuta."

Ya duba wayarta da yardarta. Ba daga nan muryar ta fito ba. Da zai tafi ta bi shi da kallo.

"Kai ma fa kana da ciwon da nake da shi. A fuskarka yake."

Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

* * *

Zuwa yamma ya samo abu biyu game da layin da aka buɗe Idon Gari da shi. An fara kunna shi a garin Kwadon, wajen Gombe, ranar Lahadi. An saki muryar daga Barunde, unguwar da ofishin Abdulaziz yake, a bene ɗaya da ɗakin da ake ɗaukar shirin.

Abdulaziz ya tarbe shi da ruwan sanyi da fara'ar da ta ƙara ɓata wa Suhaibu rai. Dogo ne, ƙamshinsa ya cika ofis.

"Na san abin da ya kawo ka. Gari duk ya yanke mini hukunci."

"Ina kake ranar Lahadi?"

Abdulaziz ya kawar da kai. "Kwadon."

Zuciyar Suhaibu ta buga da wani daɗi mai kunya. "Yin me?"

"Harka ce ta kaina. Ba ta shafi wannan ba."

"Komai ya shafi wannan yanzu."

"To ka yi haƙuri da ni a nan." Abdulaziz ya jawo kwamfutarsa. "Amma zo ka ji wani abu. Iri biyu ne wannan aikin. Akwai wanda za ka rubuta magana na'ura ta karanta da muryar wani. Akwai wanda kai za ka yi maganar da bakinka, na'ura ta sauya mata riga kawai. Saurari wannan. Ka ji numfashi? Ka ji tsaki? Na'ura ba ta tsaki, ɗan'uwa. Mutum ne ya zauna ya faɗi maganar nan da zafin ransa, sannan aka ɗora muryar Najeeba a kai."

"Kuma kai ka iya."

"Na iya. Duk wanda ya taɓa tace sauti ma zai iya, in ya samu muryarta da yawa." Ya cire gilashinsa ya murza ido. "Ka kama ko wane ne. Ko manhajar tawa za ta rushe, ban damu ba, in dai ta daina kuka."

Suhaibu ya sauko daga benen yana jin haushin cewa mutumin ya burge shi.

* * *

Ranar Juma'a da safe ya hau mashin ɗinsa zuwa Kwadon, abin sauraro a kunne, muryar tana ta maimaituwa. Iro ɓarawo ne. Elias mashayi. Shi kuwa... uban tafiyar tasu.

Wurin nan ya tsaya masa. Mai maganar ta ambaci mataimakan shugaba biyu da sunansu ba ko gargada. Da ta zo kan shugaban kansa, sai ta yi turus kamar mai tafiya da ta ga rami, ta kewaye. Alhali Najeeba a shirinta ba ta minti biyar ba ta ce Malam Ɗayyabu ba. Wanda ya zo zagi, me zai hana shi kama sunan babban wanda yake zagi?

A bakin kasuwar Kwadon ya tsaya wurin wata dattijuwa mai sayar da albasa, Goggo Kande, wadda rumfarta ke kallon titi. Suka gaisa da Fulatanci, ta ce jam, ya ce jam, sannan ya tambaye ta farar motar Abdulaziz da ta zo daga Gombe ranar Lahadi.

"Mai dogon yaron nan mai gilashi? Na gan shi. Ko albasa bai saya ba, sai ƙamshi ya bar mana." Ta kore ƙuda. "'Yar gidan marigayi ya sauke, ya juya. Ita kuwa ta shige gida tana share hawaye, ko gaishe ni ba ta yi ba, yarinyar da na goya."

"Wace yarinya, Goggo?"

"Rukayya mana. Ta wurin marigayi Malam Ɗayyabu mai gonar rake. Ai sunan kakanta aka sa mata a makaranta, shi ya sa 'yan birni ba su sani ba. Yarinya mai kunya. Tun tana ƙarama, ko almuru aka aike ta gidan mai irin sunan ubanta, sai dai ta ce gidan mai sunan Baffa. Bakinta bai taɓa ɗaukar sunan nan ba."

Suhaibu ya sayi albasar da ba ya buƙata, ya ɗaure a bayan mashin.

* * *

Bai kai Gombe ba wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya gefen hanya ƙarƙashin wata bishiyar maina. Shugaban 'yan keke ne.

"Malam Suhaibu, an ce ka gano daga benen yaron nan aka saki abin. Kuma an gan shi a Kwadon. To me ya rage? Ka ce mana shi ne kawai, mu wanke Barista, mu san yadda za mu yi da shi da manhajarsa."

Suhaibu ya dubi titi. Motoci suna wucewa suna kaɗa masa riga. Kalma ɗaya ce. In ya ce eh, ba ƙarya zalla ya yi ba, sawun ya bi ta ƙofar Abdulaziz ɗin da gaske. Najeeba za ta wanku, shirinta zai tsira, aminiyarta ba za ta tozarta ba. Dogon nan mai ƙamshi zai fita daga rayuwarta, kujerar da ke gefenta ta zama babu kowa. Ya hango kansa yana raka ta gida bayan shiri, ya hango ta tana ce masa Suhaibu kawai, babu Hamma. Daɗin hangen ya kusa sa shi hawaye.

Sai ya tuna kakansa, wanda ya taɓa bin sawu har ƙofar ɗan ƙanensa, bai karkata ba.

"Ranka ya daɗe, ku zo ɗakin shirin gobe bayan la'asar," ya ce da murya a dushe. "A gabanka zan nuna shi."

* * *

Ɗakin ya cika. Malam Ɗayyabu ya zauna a tsakiya, hularsa a gwiwa, Iro da Elias a tsaye bayansa sun haɗe rai. Najeeba na gefe, Rukayya na kusa da ita. Abdulaziz ya jingina da bango. Selina ta zo da gyaɗarta, aka ce ta ajiye waya, ta ajiye tana gunaguni.

Suhaibu ya kunna muryar, kowa ya saurara kai a ƙasa. Da ta ƙare ya ce, "Ba Barista ce ta yi maganar nan ba. Wani ne ya faɗa da bakinsa, na'ura ta ara masa muryarta. Mai bakin yana ɗakin nan. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba mai wuya ba ne. An ci mutuncin dattijon nan a wannan shiri. Kowa ya ba shi haƙuri, ya kira sunansa."

"Wannan kuma wane irin bincike ne?" Iro ya ce. "Mun bar aiki fa."

"Bar shi," in ji shugaban.

Selina ta fara. "Malam Ɗayyabu, ka yi haƙuri, ni yaɗawa kawai na yi, shi ma shaiɗan ne da data."

Elias ya kusa yin dariya, ya danne.

"Malam Ɗayyabu, ka gafarce mu," Abdulaziz ya ce.

"Malam Ɗayyabu," Najeeba ta ce, "Allah ya sani ban taɓa raina ku ba."

Aka juyo ga Rukayya. Ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, shugaba, ka yi haƙuri."

"Da sunansa," Suhaibu ya ce a hankali.

"Ai na ce shugaba."

"Sunansa, Rukayya."

Ta buɗe baki. Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa, sai hawaye ya riga sunan fitowa.

"Sunan mahaifinta ne, Allah ya jiƙansa," Suhaibu ya ce. Bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. "Ta iya zagin Iro, ta iya zagin Elias, ta iya ara bakin aminiyarta ta yi ƙarya da shi. Amma da ta zo kan sunan nan, tarbiyyar gidansu ta riƙe mata harshe. A muryar ma nan ta tsaya ta kewaye. Layin kuma a Kwadon aka kunna shi, ranar da aka sauke ta a ƙofar gidansu."

Najeeba ta zare hannunta daga na Rukayya kamar ta taɓa garwashi. "Ke? Ke da kika kwana kina share mini hawaye?"

"Ni na kawo shirin nan," Rukayya ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Ni na raɗa masa suna. Ni nake gyara miki murya in kin yi tuntuɓe, in goge inda kika yi kuskure, gari ya ce Barista ba ta kuskure. Ban ce komai ba. Shi ma ni na kawo shi." Ta nuna Abdulaziz da haɓa. "Ni na fara saninsa. Ranar Lahadi ya ce zai kai ni gida, yana da magana. Na yi kwalliya, Najeeba. Na sa turaren da nake ɓoyo. Muna hanya ya ce in ba shi shawara, ta yaya zai tura manyansa wurin babanki."

Abdulaziz ya runtse ido. Najeeba ta dube shi da sauri, ta sunkuyar da kai. Suhaibu ya ga kallon, ya ji kamar an zare masa ƙashin baya.

Malam Ɗayyabu ya daɗe yana juya hularsa. Sannan ya sa ta a kai ya miƙe.

"Barista, shari'armu tana hannunki, ki yafe mana zargi. Ke kuma 'yata," ya dubi Rukayya, "kin ji kunyar sunan ubanki, ba ki ji kunyar abin da zai ji ba da yana raye. Ba zan kai 'yar mai sunana gaban hukuma ba. Amma da bakinki za ki faɗa wa gari, da muryarki ta gaskiya."

Rukayya ta durƙushe a wurin. Selina ce, cikin kowa, ta je ta ɗaga ta.

* * *

Laraba ta zagayo. Suhaibu ya rufe shago da wuri, ya zauna a kan benci da wayarsa. Mutanen da suka shigo kallon shirin sun ninka na kullum. Waɗanda suka zagi Najeeba a makon jiya su ne yau ke rubuta cewa dama sun san ƙarya ce. Wani ya buɗe sabon musu kan ko akwai dokar da ta hukunta satar murya, aka rabu gida biyu nan take.

Najeeba ta fito cikin shuɗin mayafi, ta rame kaɗan, ta fi kyau. Ta gode wa Allah, ta gode wa 'yan keke da Malam Ɗayyabu.

"Sai Hamma Suhaibu," ta ce tana murmushi, "ɗan'uwana na gaskiya, wanda ya bi sawu har ya wanke ni. Hamma Suhaibu, Allah ya biya ka."

Sau biyu ta kira sunan, garau, babu ko ɗigon nauyi. Ya ji daɗi duk da haka, ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

"Yau za mu ɗora kan batun manhajar keke," ta ci gaba. "Kamar kullum ina tare da..."

Ta tsaya. Ɗan turus ne, wanda duk garin babu mai lura da shi sai mutum ɗaya. Idonta ya sauka kan tebur, ta gyara mayafin da bai zame ba.

"...da abokin gabatarwata."

Suhaibu ya jira har ƙarshen shirin, yana fatan kunnensa ne ya yi ƙarya. Ta yi musu da shi, ta katse shi, ta yi masa dariya, ta ce mai manhaja, ta ce injiniya, ta ce wancan bawan Allah. Ba ta ce Abdulaziz ba ko sau ɗaya.

Ya kife wayar a kan benci. Albasar Kwadon tana nan a kusurwar shago inda ya jefar da ita, ta fara tsiro. Da maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo ya tambaye shi me ya sa idonsa ya yi ja, sai ya nuna masa ita.